Ku Je Shasele Tun Kafin Ku Ɗaure Kaya

Ƙannena masu shirin tafiya karatu Faransa, shekara uku na yi a Liyon, amma sai da ya rage mako guda in koma Damagaram sannan na taka Shasele. Ƙauye ne da bai kai kilomita 20 daga Liyon ba, ta arewa, a gindin duwatsun Mondor, lambuna sun kewaye shi. Da an yi mini maganarsa sai in ce me na ajiye a ƙauyen Turawa, ni da na baro ƙauye a gida? Kowane hutu Faris na nufa, in ɗauki hoto in turo gida.

Ranar da na je, tun daga nesa na hango jar katanga mai zanko a tsakiyar gonaki, sai ka rantse ginin ƙasa ne irin na Mali. Tata ake ce mata, wato ganuwa. Maƙabarta ce. Sojojin Afirka 188 ne kwance a ciki, waɗanda Faransa ke kira 'yan Senegal alhali daga dukan ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma take kwaso su, har da tamu Nijar.

A ranakun 19 da 20 ga Yunin 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suka tare Jamusawa a hanyar Liyon kamar yadda aka umarce su, kwana biyu bayan Marshal Peten, shugaban gwamnatin Faransa na lokacin, ya riga ya ce a daina yaƙi. Suka yi ta ɗauki-ba-daɗi har harsashi ya ƙare. Da suka miƙa wuya, Jamusawa suka ware baƙaƙe daga farare, suka kora su cikin wani fili, suka buɗe musu wuta da tankoki, suka bi ta kan waɗanda ba su cika ba. Mutanen ƙauyen ne suka binne su. Daga baya wani jami'i, Jan Marshiyani, ya tattaro gawarwakin daga garuruwan kewaye, aka buɗe Tata ranar 8 ga Nuwamban 1942, ana tsaka da yaƙin.

Na bi kaburbura ɗaya bayan ɗaya ina karantawa. Wasu an rubuta suna, da yawa kuwa "ba a san shi ba" kawai. A nan ne wani tsohon soja na unguwarmu ya faɗo mini a rai, wanda muna yara yakan fara ba mu labarin sanyin Faransa mu watse mu bar shi da bakinsa. Ya rasu ban taɓa tambayarsa rundunarsa ba, balle sunan abokansa da ba su dawo ba. Wannan ya fi yi mini ciwo, wallahi.

Don haka kafin ku hau jirgi ku zauna da dattawan gidanku, ku tambayi wa aka ɗauka soja zamanin Nasara, ku rubuta suna da gari da shekara. In kun sauka Liyon, ku je Shasele a watanku na farko da takardar a aljihu, ku duba allunan a tsanake, ku yi musu addu'a.