Mai ba da labari daban, mai ba da izini daban

A shekarata ta farko ina mataimakin matuƙi, lokacin jigilar alhazai, muka taso daga Kano zuwa Jidda cikin dare. Kyaftin ɗina Bahaushen Sudan ne, ɗan Mai Wurno, ni kuma haihuwar Jidda. In aiki ya lafa Hausa muke yi, da hasumiyar masu kula da jirage kuwa sai Turanci.

Rediyo biyu muke aiki da su. Ta farko tana kan masu kula da zirga-zirgar jirage, su ne masu cewa tashi, sauka, tsaya. Ta biyu ita ce ta jin labari. A sararin Chadi da Sudan, a wancan lokacin, mukan ajiye ta a mita 126.9, inda kowane matuƙi ke faɗin inda yake da tsayin da yake tafiya, don na kusa da shi ya sani. Da muka doshi Bahar Maliya na juya ta zuwa ATIS, wato naɗaɗɗiyar muryar da ke maimaita yanayin iska da titin da ake sauka. Kowace sabuwar sanarwa da harafinta, Alfa, Bravo, haka dai. A Jidda wannan ba abin wasa ba ne, domin titunan jirgi uku ne a jere, na hagu, na tsakiya, na dama.

Mun sauka lafiya a titi mai lamba 34 na dama. Mai kula da tafiyar jirage a ƙasa ya ce mu tsaya kafin wata mahaɗa. Na maimaita masa, kamar yadda doka ta ce. Sai na koma rediyo ta biyu ina nema wa tsofaffi shida keken guragu a wajen ma'aikatan kamfani. Mutumin kamfanin ya ce wurin tsayawarmu a tashar alhazai a buɗe yake, mu ƙaraso. Ban yi tunani ba na ce, “Yallaɓai, an ce mu wuce.”

Kyaftin bai ɗaga ƙafa daga birki ba. “Ƙanena, wa ya ce?”

Kafin in amsa, wani ƙaton jirgi ya gifta ta gabanmu.

Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Mutumin kamfani bai yi ƙarya ba, wurin a buɗe yake. Amma ba ya ganin hanyar, kuma ba shi da ikon ba da ita. Ni ne na haɗa muryoyi biyu a kunne ɗaya.

Bayan alhazai sun sauka, Kyaftin ya tuna mini da tsibirin Tenerife, inda a 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi, mutum 583 suka rasu. Wani ya ɗauka an ba shi izinin da ba a ba shi ba.

Tun daga ranar, muddin jirgi na tafiya a ƙasa ba na kiran kamfani. Keken guragu tun muna sama nake nema, kuma duk saƙon da zan isar wa kyaftin sai na fara da sunan wanda ya faɗa.