Yadda sikila ke bin gado, da inda gwajin jinotaif ke kuskurewa

Kowane ɗan Adam yana ɗauke da ƙullin gado 46 a cikin ƙwayoyin jikinsa, 23 daga uwa, 23 daga uba. A kan ƙulli na 11 ne ake samun umarnin ƙera wani sashe na sinadarin himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Umarnin kwafi biyu ne, ɗaya daga kowane ɓangare. Lafiyayyen kwafi shi ake kira A, mai tangarɗa kuma S ko C. Daga nan aka samu AA, AS, AC, SS da SC, wato abin da ake kira jinotaif.

Mai AS lafiyarsa ƙalau, domin A ɗin nan guda ya ishe shi. Har ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da likita Anthony Allison ya nuna a 1954, kuma shi ya sa S ya yawaita a ƙasashenmu masu sauro. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da shi. Mai SS kuwa, wato mai sikila, idan iska ta yi ƙaranci a jininsa, ƙwayoyin sai su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Ga asalin ciwon ƙashi, ƙarancin jini da idanu masu ɗorawa.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne lissafin "ɗaya cikin huɗu". Idan AS ya auri AS, ba wai a 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai zama SS ba. Kowane ciki da nasa lissafin, sabo fil: kashi 25 cikin 100 AA, kashi 50 AS, kashi 25 SS. Za a iya haifar uku a jere duk masu sikila, za a iya haifar shida babu ko ɗaya. Haihuwar ɗan fari mai sikila ba ta rage wa ƙanensa haɗari ko kaɗan. Kuma zalunci ne a ɗora wa uwa laifi, yaro ba ya zama SS sai uba ma ya ba da nasa S ɗin. AS da AC ma haɗuwarsu na iya kawo SC, kuma C ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso. AA da SS kuwa, 'ya'yansu duka AS ne.

Tun 2024 Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da jinotaif. Sai dai takarda ba ta da amfani idan gwajin gurgu ne. Na farko, rukunin jini, wato O ko A ko B, daban yake da jinotaif, kada a haɗa su. Na biyu, gwajin da ake ɗiga jini a kan gilashi a duba ko ya lanƙwashe ba ya bambanta AS da SS, kuma ba ya ganin C sam. A nemi wanda ake raba sinadarin da lantarki, ilektaroforesis, ko wanda ake yi da na'urar tantance sinadarai ta HPLC. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata uku, in ba haka ba jinin wanda ya ba shi zai shiga sakamakon, SS ya fito kamar AS. Idan sakamako biyu suka saɓa, a sake na uku a asibitin koyarwa. Kuma a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, lokacin da janyewa ba ta zama abin kunya ga iyaye ba.

Jaririn da aka haifa da SS yakan yi lafiya a watannin farko saboda ragowar nau'in himogulobin da jikinsa ke yi tun yana cikin mahaifa. Wajen wata shida sai a ga bayan hannu da ƙafa sun kumbura, yana kuka idan an taɓa. A kai shi gwaji nan take. Idan an tabbatar, likita kan sa shi a kan fenisilin da folik asid, a cika rigakafi, a kwana cikin gidan sauro, a yawaita ruwa. Zazzaɓin da ya kai maki 38.5 na asibiti ne a ranar, ba na kemis ba.