Itatuwan da na iske a Durban

Mutumin Maradi in ya sauka Durban, a Afirka ta Kudu, kore ne ke fara cika masa ido. Ruwan da ke zuba nan a shekara yakan kai milimita 1000, kusan ninki biyu na namu, kuma damina a juye take: daga Oktoba zuwa Maris ake ruwa, Yuni da Yuli kuwa sanyi. Duk da haka kewa ba ta bar ni ba. Ɗan manoma ne ni, na tashi cikin gawo da kalgo da sabara da aduwa, kowanne na san amfaninsa, sai ga ni ina ratsa unguwa cike da itatuwa ban san sunan ko ɗaya ba.

Wani maƙwabcina Bazulu ne ya tura ni babban lambun tsirrai na birnin, wanda aka kafa tun 1849. A can na ga wani icce mai siffar dabino, jikinsa kaushi-kaushi, ganyensa kore shar yana sheƙi. Wani masanin tsirrai mai suna John Medley Wood ne ya gano shi a dajin Ngoye a 1895, namiji, kuma har yau ba a samu macensa ba. A daji ya ƙare. Duk inda aka gan shi a duniya, daga tohon wancan ɗin aka ciro. Na daɗe tsaye a wurin. Manomanmu na Maradi da suka koma barin kututture ya toho a gona tun wajen 1980 da ɗoriya, wallahi ba ƙaramin aiki suka yi ba, don icce in ya tafi, kuɗi ba ya dawo da shi.

Da sanyi ya shiga, wasu itatuwan bakin hanya suka zubar da ganye ƙarƙaf, suka fitar da fure ja wur. Dangin minjirya ne, har da ƙayar jiki.

Danya kuwa sai da muka yi arewa wajen wani gari mai suna Hluhluwe na gamu da ita. Daga nesa na shaida ɓawon jikinta mai dabbare-dabbare. Watan Fabrairu ne, nunu ya zube ƙasa ya yi rawaya. Na ɗauki ɗaya na ɓare na tsotsa, tsaminsa da zaƙinsa sak na gida. Mutanen nan suna darajanta ta ƙwarai, mata na matse 'ya'yan su yi abin sha, su fasa ƙwallon su fitar da mai, giwaye ma na cin rabonsu.

Daren nan na kira Baba na ba shi labari. Ya ce, "Kai, danya har can? To suna sassaƙa turmi da ita?" Na ce zan tambaya, ya ce in tambayo har da akushi.