Mun je Landan yara sun ƙare a cikin rairayi

Jama'a mun dawo Yamai lafiya, alhamdulillahi. Masu tambayar hotunan vakansi ku yi haƙuri, suna wayar Maman Hadiza.

Wurin da ya fi burge yara shi ne filin wasan tunawa da Gimbiya Diana a Kensington Gardens, kusa da fadar da ta zauna. An buɗe shi a 2000, shekara uku bayan rasuwarta a haɗarin mota a Paris. An tsara shi a kan labarin Peter Pan, wai yaron da bai girma, shi ya sa suka kafa wani ƙaton jirgin ruwan katako na ƴan fashin teku a tsakiya, rairayi ya kewaye shi, ga bukkoki, ga lungunan ɓuya.

Abin dariya, mu da rairayi ya ishe mu a kartiye, kullum sai an share shi daga tsakar gida, mun biya kuɗin jirgi har Ingila kuma yaran nan ba su ga komai ba sai rairayi, Abba ma cewa ya yi shi ne kaftin, ba ya sauka.

Shiga kyauta ne, amma babba ba ya shiga sai da yaro, kuma akwai mai tsaron ƙofa. Wannan dokar kam ta yi mini, uwa na iya zama ta huta ba fargaba.

Layi dai akwai shi, ku je da safe. Kuma ku riƙe rigar sanyi, damanarsu ba ta da alkawali.