Abin da kwamfuresa ta koya mini a aikin katako

Duk kafintan da ke aiki a gida da ƙaramar kwamfuresa (injin matsa iska) mai tankin lita 25 ko 50 ya san wannan takaici: kana tsakiyar fesa fenti a ƙofar durowa sai iska ta yi sanyi, fentin ya fara fita ɗigo-ɗigo, dole ka tsaya jiran inji. A zauren gidanmu da ke Pantami a Gombe nake aiki, kuma na lura yawancinmu allurar agogon da ke nuna ƙarfin iska kawai muke kallo. Da ta kai bar 8 (bar ma'aunin ƙarfin iska ne) sai mu ce iska ta samu.

Alhali mafi yawan kayan aikin iska bar 6 da 'yan kai suke bukata, wato PSI 90. Abin da ke gazawa shi ne yawan iskar da injin ke turowa a minti ɗaya. Bindigar ƙusa kurɓa ɗaya take yi ta huta, ƙaramin inji ma ya ishe ta. Bindigar fenti kuwa zuƙa take ba ƙaƙƙautawa, wata tana neman sama da lita 200 a minti. Ga shi lambar da ake rubutawa a jikin kwali sau da yawa iskar da injin ke shaƙa ce, wadda yake fitarwa ba ta kai haka ba.

Na ƙara tanki na biyu, ya kuma yi amfani, amma da iyakarsa. Tanki randa ce, inji ne mai ɗebo ruwa. Ƙara randa na ba ka lokaci kafin ta ƙafe, sai dai cika ta ma zai ƙara daɗewa. Ga aikin ja-ka-tsaya ya wadatar.

Inda na fi samun sauƙi ba a kashe kuɗi sosai ba. Na dama sabulu na shafa wa kowace mahaɗa, sai ga kumfa tana tasowa a wuraren da kunne bai taɓa jin yoyo ba. Na cire siririn tiyo mai milimita 6 na sa mai 10, na kuma rage tsawonsa, nan take bindiga ta canza murya. Da hunturu ƙura da garin katako kan toshe matatar iska, sai a riƙa kakkaɓe ta. Da damina, musamman watan Agusta, in ka kwance makunnin ƙasan tanki za ka ga ruwa ja-ja-jur na tsatsa yana fita. Ruwan nan yana cin wurin iska, yana ɓata fenti, yana kuma cin ƙarfen daga ciki, shi ya sa kullum nake zubar da shi kafin in rufe zaure.

Abu biyu nake roƙon 'yan'uwa su guje wa: yi wa tsohuwar tukunyar gas walda a mai da ita tanki, da jan iska a bututun ruwa na PVC. Idan ya fashe tarwatsewa yake yi, kuma a gida akwai yara.

Wanda fenti ne abincinsa na kullum, ya tara kuɗi ya sayi inji mai bel. Amma kafin ya biya ya tabbatar janaretonsa zai iya tayar da shi, domin motar lantarkin da ke juya injin na jan wuta ninki-ba-ninki a lokacin tashi, kuma in wuta ta yi rauni gurnani kawai za ta yi har ta ƙone.