Ranar da kunnena ya yi mini ƙarya a sama

Muna cikin ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 172 malamin da ke koya mini tuƙin jirgin sama ya ce in rufe ido. Ya riƙe tuƙin na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni yadda jirgin yake. Na ce a miƙe muke, har zan iya rantsuwa. Da na buɗe ido, sai ga na'ura tana nuna mun karkata hagu, hancin jirgin kuma ya duƙa ƙasa. Jikina ya yi sanyi.

Ruwan da ke can cikin kunne shi ke sanar da mutum ya juya. Idan juyin ya zo a hankali ko ya daɗe, sai ruwan ya lafa, jiki ya ɗauka komai daidai ne. Muddin kana ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, ido zai gyara kuskuren. A cikin gajimare babu mai gyarawa sai na'ura.

Kafin nan, mutuwar inji nake tsoro, kamar kowa. Amma binciken hukumar NTSB ta Amurka, mai bincikar haɗurran sufuri, ya sha nuna cewa ƙwacewar jirgi daga hannun matuƙi a sama ita ce kan gaba wajen kashe mutane a ƙananan jirage. Haɗarin sauka ya fi yawa, sai dai galibi ƙarfe ne ke lalacewa, mutane su fito da ƙafarsu.

A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da na'ura ba, aka tare musu ganin waje. Dukkansu jirgi ya ƙwace musu, a matsakaicin daƙiƙa 178. Ko minti uku bai cika ba. Irin wannan ruɗewar ce ta jefa John F. Kennedy Jr., ɗan tsohon shugaban Amurka, da ƙaramin jirgin da yake tuƙawa cikin teku a daren 16 ga Yulin 1999, tare da matarsa da yayarta, ga hazo ga duhu, alhali injinsa lafiya lau.

Abin da ke ci mini rai shi ne, biki za shi, ana jiransa. Na san wannan nauyin. Na taɓa tsayawa kusa da jirgi ina kallon gajimare yana saukowa, abokina na duba agogo, zuciyata na cewa ai zai washe a hanya. Na mayar da makullin, muka koma gida bai ce mini uffan ba.