Abin da aikin kachala da jema ya koya mini a fadamar Haɗeja

Bayan ambaliyar 2022, wadda ta cinye gonaki da gidaje a Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja, na shiga aikin gayya da mutanen ƙauyenmu suka shirya domin buɗe wa ruwa tsohuwar hanyarsa. Dattawa sun daɗe suna cewa kogin Haɗeja ya sauya hali tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, domin ruwan da a da yake zuwa da damina ya ƙafe da rani ya koma yana kwanciya duk shekara, kachala kuwa, wata doguwar ciyawa mai tsirowa a cikin ruwa, ta samu wurin zama ta toshe magudanai, har ruwa ya riƙa neman mafita ta cikin gari.

Yankan kachala yana da ƙa'ida. Idan aka sare ta a saman ruwa, ko aka banka mata wuta da rani, sai ta sake tohowa cikin 'yan makonni. Amma idan aka shiga da kwale-kwale aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, saiwar takan rasa iska ta ruɓe. Aiki ne mai wahala, ga matsattsaku ga sauro, kuma dole a maimaita shi kowace shekara. Riba ɗaya da manoman shinkafa suka fara gani ita ce raguwar jan-baki, tsuntsun nan mai cin hatsi, wanda yake kwana a cikin kachala.

A gaɓar kogi mun dasa ciyawar jema a jere, saboda saiwarta tana nitsewa ƙasa sosai tana riƙe yashi, sannan muka hana sare giyayya da bagaruwa, waɗanda suke jure tsayuwar ruwa.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne shawo kan masu gonaki a cikin kwari su bar wa ruwa wurin kwanciya. Jingar buhunan yashi tana tura ruwa ne kawai zuwa ga maƙwabci, fadama kuwa tana shanye shi ta sake shi a hankali, amma wannan yana nufin wani zai haƙura da noman damina a gonarsa. Sai da maigari ya zauna da manoma da masunta da Fulani makiyaya aka amince cewa masu wannan fili za su fara samun damar noman rani idan ruwa ya janye, kafin aka bar kwarin a buɗe.